Yarinyar da Ta Hana Tumatir Sakat

Wata rana malamin aikin gona ya kai 'yan aji lambun makaranta. Ya yanka wa kowa ɗan fili, ya raba musu dashen tumatir.

"Ku dasa, ku riƙa ba shi ruwa. Shi ke nan," in ji shi.

A ajin akwai wata yarinya da ake kira 'Yar Tsaf, don ba ta son ganin abu a karkace. Ta dasa nata, ta ja da baya ta duba. Guda ɗaya ya ɗan kauce wa layi. Ta cire shi, ta sake dasawa. Sai ta ga kamar na kusa da shi ma bai zauna daidai ba. Shi ma ta cire.

Haka ta riƙa yi kullum. Lokacin hutu ƙawayenta suna wasa, ita tana durƙushe a rana, tana awo da zare. Bayanta ya ƙage, kanta yana sarawa.

A gida ta tasa abinci a gaba, ta kasa ci.

"Lafiya kuwa?" in ji Umma.

"Na gaji ne, Umma. In layina bai miƙe ba, Malam zai ce ban iya komai ba."

"Shi ya gaya miki haka?"

"A'a," ta ce a hankali.

"To, kada ki kashe kanki a kan maganar da ba a yi ba."

Amma ba ta ji ba.

Wata safiya ta tarar da tumatirinta duk ya kwanta, ganyen ya bushe. Na wani yaro da ke kusa da ita kuwa, layinsa kamar tafiyar maciji, amma ya yi kore shar. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Malam ya zo ya tsuguna kusa da ita.

"Sau nawa kika cire su?"

"Ban san iyaka ba, Malam."

"Ai shi ya sa. Saiwa sai an bar ta take kama ƙasa. Ke ma dubi yadda kika yi yaushi."

Ya ba ta ragowar dashen. "Sau ɗaya kawai. Kin ji?"

Ta dasa. Biyu suka karkace. Hannunta ya yi ta ƙaiƙayi, amma ta cije, ta zuba ruwa, ta tafi.

Bayan 'yan watanni tumatirin ya nuna jawur. Ta cika kwano ta kai gida, ta ba Umma labarin biyun da suka karkace.

"Waɗanne ne 'ya'yan karkatattun?" Umma ta tambaya tana dariya.

Yarinyar ta juya su, ta kasa ganewa. Ita ma ta yi dariya.

Daga ranar ta gane cewa neman aiki marar aibi ko kaɗan yana gajiyar da zuciya, yana kuma ɓata aikin. Ka yi iya ƙoƙarinka, sannan ka huta.