Ƙahon Ranar Kasuwa

Da hantsi Alhaji Ya'u ya shigo caji ofis na Gaya yana jan wani mutum da igiya. Shekarar fari ce, shekarar da buhun gero ya fi mutum daraja a ƙasar Ajingi, kuma Alhaji Ya'u yana cikin 'yan tsirarun da suke da shi jibge a sito.

"Ga ɓarawona na kawo muku," in ji shi. "Ku rufe shi."

Sufeto Inuwa ya ɗago kai. Mutum ne mai ƙarancin magana da ƙarancin haƙuri, kuma ba abin da ya tsana kamar a kawo masa ƙara haɗe da hukuncinta.

"Kwance shi tukuna. Nan ba turke ba ne. Wane ne shi?"

"Haruna, sabon maigadina. Daga Gafasa ya zo yana roƙo, gonarsa ta ƙone, na tausaya masa. Jiya na sa a janye buhunan gaba, sai na ga baya wayam. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a huda bango ba, makulli kuwa yana aljihunsa."

Haruna dogo ne ramamme, idanunsa jawur, ƙafafunsa sun kumbura har takalmin taya ya nutse a cikinsu. Yana tsaye a karkace, kamar ba ya son rigarsa ta taɓa jikinsa.

"Me ya sa makulli yake hannun maigadi?" Sufeto ya tambaya.

"Shi ke fito da buhu in na aiko."

"Wato da dare gadi, da rana dako. Yaushe yake barci?"

"Ban ɗauke shi don barci ba, yallaɓai."

Sufeto ya ce wa Kofur Bala ya tayar da Landiroba, suka kwashi mai ƙara da wanda ake ƙara suka nufi Ajingi.

Siton yana bakin gari, can nesa da kasuwa, ba gida kusa da shi. Kwaɗon lafiya lau. Sufeto ya zagaya baya, inda wata tsamiya take da inuwa, ya tarar da ƙasa a kwance luf kamar wurin da ake yawan shimfiɗa tabarma. Gefe guda akwai ƙananan tudun ƙasa da aka tona aka mayar. Ya sa sandarsa ya tone ɗaya, sai ga daskararren jini ya yi baƙi.

"Ana yanka a nan?"

"Wa ke da abin yankawa bana?" in ji Alhaji. "Ni dai a fito min da gerona."

"Wa ke gadin kafin wannan?"

"Gwadabe. Ƙafa ta fara damunsa, na sallame shi. Na gaya wa wannan ma tun ranar farko, ranar da na ji ya ce wash, ranar zai bar min sito. Masu neman aikin sun fi buhunan yawa."

Sun sami Gwadabe a ƙofar gidansa yana tufka igiya. Dattijo ne mai ɗingishi, bai ko motsa ba da ya ga kaki.

"Baba, yaushe rabonka da siton Alhaji?"

"Tun da aka kore ni ban sake taka wajen ba. Me zan je yi?"

"Kana jin haushin Haruna?"

"Haushi? Na yi shekaru a bakin ƙofar nan ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Aka ture ni aka kawo wanda bai san yadda ake tsayuwa ba. Gadi ba noma ba ne. Manomi in ya gaji sai ya zauna, maigadi in ya zauna ya yi barci. Sai su ci abinsu, tunda sun zaɓi mai kwanciya rub da ciki da rana tsaka."

"Ka ce ba ka taka wajen ba. A ina ka gan shi rub da ciki?"

Hannun Gwadabe ya tsaya a kan igiya. Ya tofar da goro, ya ce, "Labari na ji."

"A bakin wa?"

"Na manta. Tsufa ne."

Sufeto ya san ƙarya ce, Gwadabe ma ya san ya sani, amma dattijon ya ja bakinsa ya tsuke. Irinsa ko wuta ta kama siton, tsayawa zai yi ya sha ɗumi.

Da suka koma, aka zaunar da Haruna a cikin siton, a kan buhu, aka bar Alhaji a waje yana zarya.

"Ka taɓa ba wani makullin?"

"Ban taɓa ba."

"Ka taɓa barin bakin ƙofa?"

"Ban taɓa ba."

"Kana kwanciya a gindin tsamiya?"

"Ni ba na kwanciya, yallaɓai. Lafiyata ƙalau."

"Ban tambaye ka lafiyarka ba."

Haruna ya haɗe rai. "To na faɗa dai. In ɗaure ni za ku yi, ku ɗaure."

Kofur Bala ya fusata, ya dafa bayansa zai tashe shi tsaye. Haruna ya gantsare, wani nishi ya ƙwace masa. Da Kofur ya ɗauke hannu, rigar ta manne da fata.

"Cire rigar," in ji Sufeto.

"Ba zan cire ba."

"Ko ka cire, ko a cire maka a gaban Alhaji."

Wannan ce ta karya shi. Ya ɓamɓare rigar a hankali, ya juya. Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya ga bayan da bulala ta ci, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Tun daga kafaɗa har ƙugu shaidar ƙaho ce, da'ira a kan da'ira, sabuwar tsaga a kan wadda ba ta warke ba. A gefen kowace da'ira fatar ta tashi ta yi bororo, wasu sun fashe suna ruwa. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Magani ne." Muryar Haruna ta sauka. "Tun makon farko bayana ya riƙe. Da dare in tsaya, in zagaya, ƙafa ta kumbura, da rana buhu. Na jiƙa ƙafa a ruwan zafi da kanwa, na ɗaure ƙugu da rawani, na ci goro har haƙorina ya mutu, duk a banza. Sai Ɗanladi Wanzam ya gan ni ina tafe a sunkuye, ya ce mataccen jini ne, zai fid da shi. Ya ce ba sai na biya ba sai na samu."

"Yaushe yake zuwa?"

"Duk ranar kasuwa, in Alhaji ya tafi rumfarsa."

"Duk mako?"

"Ya ce jinin da yawa."

"Ina kake aje rigar?"

"A reshen tsamiya. Sai ya kafa ƙahonin, ya rufe min kai da mayafi, ya ce kada in ɗago, in na ɗago jinin zai hau min ka." Haruna ya sunkuyar da kai. "Yallaɓai, a nan kaɗai nake samun barci. Da na kwanta shi ke nan, sai ya tashe ni."

"Ka ji sauƙi?"

"Jiri ma nake yi yanzu. Ya ce alamar yana fita ne." Ya kama hannun Sufeto. "Don Allah kada Alhaji ya gani. Matata da yara, tiyar geron da yake ba ni ita suke ci. Gara a ce na yi sata a ɗaure ni wata biyu, da a ce ba ni da ƙarfi. Wanda aka ce ba shi da ƙarfi ba mai sake ɗaukarsa."

"Wanda aka ce ɓarawo ne fa, wa zai ɗauke shi gadi?"

Da alama Haruna bai taɓa kai tunaninsa can ba, ko kuwa ya kai ya dawo.

Gidan Ɗanladi Wanzam yana bayan kasuwa. Sufeto ya bar Kofur da Haruna a mota, ya yi sallama shi kaɗai. A zaure ya same shi yana wasa aska, mutum mai fara'a da kumatu, abin da ya yi wuya a gani a shekarar. Ta ƙofar ciki ana hango jaki a ɗaure, shi ma ba ya cikin masu azumin dole.

"Ranka ya daɗe, aski ko gyaran fuska?"

"Ƙaho. Kafaɗata ta riƙe, zaman mota ne."

Sufeto ya tuɓe rigar kaki ya zauna a tabarma. Ɗanladi ya buɗe zabira cikin rawar jiki, ya kafa ƙaho ɗaya, ya zuƙa, ya toshe kan ƙahon. Ba a jima ba ya miƙa hannu zai cire.

"Bar shi ya daɗe," in ji Sufeto. "Ina so ya ja sosai."

"A'a, ranka ya daɗe, ba a haka. In ya wuce ƙima fata sai ta tashi ta yi bororo. Wannan aikin 'yan koyo ne, ko wanda ya kafa ya tafi yawonsa. Ni a gidanmu na gaji aska, idona ba ya barin ƙaho."

"To in dawo mako mai zuwa a sake?"

Ɗanladi ya yi dariya. "So kake ka ƙare? Mai ƙoshi ma sau ɗaya a shekara, in ya matsa sau biyu. Bana kuwa da mutane ba jini a jika, wanda ya san aiki ba ya ma yarda."

"Madalla. Cire min."

Sufeto ya mayar da rigarsa, ya ɓalla maɓallai ɗaya bayan ɗaya, sannan ya leƙa ya kira Kofur. Aka shigo da Haruna, aka juya shi, aka ɗaga rigar.

"Wannan aikin ɗan koyo ne, ko na wanda ya kafa ya tafi yawonsa?"

Fara'ar Ɗanladi ta ɗauke. "Ban san shi ba."

"Wanzam," in ji Haruna, "ni ne ba ka sani ba?"

"Wanzamai da yawa a garin nan."

"Kofur, duba ɗakin da ke kusa da jakin."

Ba a wahala ba. A ƙarƙashin karan dawa aka zaƙulo buhunan gero, kowanne da alamar shuni irin ta siton Alhaji Ya'u, wasu cike, wasu an ci rabi. Kafin a gama fito da su jama'a sun cika ƙofar gida. Alhaji ya iso yana haki, Gwadabe ma ya ɗingiso ya tsaya a baya.

Ɗanladi ya dubi buhunan, ya dubi jama'a, sai ya daina wahalar da kansa.

"Ni na ɗauka. Da ya yi barci sai in zare makulli daga aljihun rigarsa, in ɗora wa jaki, in kai gida in dawo. Wani lokacin hanya ta yi min nisa, ƙahon ya daɗe. To sai me? Wa ke aski bana? Wa ke suna da rago balle a ba wanzami nasa? Gari na mutuwa da yunwa, wannan ya kulle gero yana jiran ya ƙara tsada. Ku tambayi Gwadabe, ya gan ni da jakin har sau biyu, dariya ya yi."

Aka waiwaya. Gwadabe ya ɗaga kafaɗa. "An ce na tsufa da gadi. Ban ga dalilin da zan yi shi kyauta ba."

Sufeto bai kula shi ba, Ɗanladi yake kallo.

"Geron na Alhaji ne, na ji. Jinin fa, na wa ne? Ka ga mutum yana jiri, ka san abin da ke sa shi, ka dawo ka sake tsaga shi."

"In ban tsaga ba, zai gane," in ji Ɗanladi. "Dole in nuna masa jini."

Kofur ya buga masa ankwa. Haruna ya yunƙura kamar zai shaƙe shi, amma ƙafafunsa ba su ba shi haɗin kai ba, sai ya dafa bango. Rigarsa har yanzu tana naɗe a kafaɗa, kuma Alhaji Ya'u yana tsaye daidai bayansa yana ƙare wa tsagar kallo.

"Ashe gawa na ɗauka gadi," in ji Alhaji. "Ba ni makullina."

"Alhaji, mutumin nan bai ɗaukar maka ko ƙwaya ba," in ji Sufeto.

"Yallaɓai, ka kama ɓarawo, na gode. Wanda zai tsare min sito kuma ba aikin hukuma ba ne."

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ƙona wa Sufeto rai. Tuni wasu maza biyu daga cikin taron suka fara matsowa kusa da Alhaji suna gyara tsayuwa.

Haruna ya sauke rigarsa. Ya dubi Sufeto da ido mai cike da ƙiyayya. "Na roƙe ka kada ya gani."

Bai jira amsa ba. Ya taka zuwa buhunan, ya durƙusa, ya kama kunnen cikakke guda, ya ja shi ya ɗora a bayan nan. Sau biyu gwiwarsa tana komawa ƙasa kafin ya miƙe. Ba wanda ya taimaka masa, don duk wanda ya sa hannu ya gama da shi a idon Alhaji.

"Ina zan kai, Alhaji? Sito?"

Alhaji ya auna shi da ido. "In ka mayar da su duka kafin la'asar, makulli ya kwana a hannunka. In ka aje ɗaya a hanya, ka wuce Gafasa."

Aka tura Ɗanladi bayan Landiroba, Kofur ya zauna kusa da shi. Sufeto ya shiga gaba ya rufe ƙofa da ƙarfi. Motar ta bi hanyar bakin gari, ta wuce Haruna yana tafe a sunkuye, taku ɗaya bayan ɗaya, jini ya fara ɓullowa ta ƙasan rigarsa. A bayansa mazan nan biyu suna biye a hankali, suna jira ya faɗi.