Jinin Ikhlas

"Jinina ka zo nema?"

Ikhlas ta yi tambayar idonta na kan rufin ɗaki. Wata huɗu ke nan tana kwance a kan angarib, gadon nan na igiya, daga ƙugu zuwa ƙasa kamar an jingina mata itace.

Mamuda ya tsaya bakin ƙofa riƙe da ƙaramin akwatin ƙarfe. Saurayinta ne, ma'aikaci a wani ɗakin binciken likitoci a Khartum. Ranar da mahaukacin kare ya cije ta a bakin tur'a, magudanar ruwan noma, wajen ɗiban ruwa, shi ya dage sai an kai ta Sinnar an yi mata allurar rigakafi a fatar ciki. Ta tsira daga haukan kare, amma a allura ta goma ƙafafunta suka mutu. Mahaifinta, Malam Jibirin, ya rantse Mamuda ba zai ƙara taka masa gida ba. Yau ma Inna ce ta shigo da shi, ganin maigidan yana hawasha, gonarsa ta auduga.

"Habibti, saurare ni..."

"Ina ji."

"Da ƙwaƙwalwar tunkiya ake haɗa allurar nan. Ita jijiya tana da riga, kamar robar jikin wayar lantarki. Jininki ya tashi dakaru su yaƙi abin da aka zuba miki, sai suka ruɗe suka afka wa rigar jijiyoyinki. A jikin zomaye muke kiwon irinsu, amma naki muke son gani."

"Zan warke?"

"Wallahi ban sani ba."

Ta miƙa masa hannu ba tare da ta kalle shi ba.

"Ɗiba. Khalas, shi ke nan."

Ya ajiye akwatin a ƙasa.

"Wasiƙa shida na aiko ta hannun Sakinatu 'yar baffanki! Ta ce kin ce in fita harkarki."

"Ni kuma ta ce min ka samu 'yar Khartum mai ƙafa biyu."

Ta laluba zuciyarta ko za ta samu fushi. Ba ta samu komai ba.

"Wa nake gani haka?!"

Malam Jibirin ne, da laka har gwiwa.

"Ka kashe mata ƙafa, ka dawo ka zuƙe jinin da ya rage?"

"Baba, aurenta na zo nema," in ji Mamuda, ya durƙusa. "Ko ta tashi ko ba ta tashi ba."

"Fita!"

"Baba..." Muryar Ikhlas ba ta ko rawa. "Da bai kai ni ba, da tuni kun yi sadakar arba'in ɗina. In ka kore shi, wa ya rage?"

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafafun 'yarsa. Ya juya ya fita, har ya manta takalminsa.

Bayan an cire auduga aka ɗaura auren. Jininta kuwa sau uku ana kai shi Khartum cikin ƙanƙara, ƙafa ba ta motsa ba.

Ranar lalle mata suka kewaye ta, ita kuma ta rufe ido tana jira.

"Inna, ku fara mana."

Inna ta ɗago ta dube ta.

"Mun gama tuntuni, ɗiyata."

Ta leƙa. Zanen ya yi kyau ƙwarai, kamar a ƙafar wata. Daga waje ta jiyo Mamuda da mahaifinta suna gardamar wanda zai ɗauke ta zuwa lori.

Sai a lokacin hawayen suka zo.