Layin da ke Ƙasan Ruwa

Akwai wani yaro ɗan aji biyar da ake kira Kifi. Babu wanda ya raɗa masa wannan suna. Shi ya zaɓi abinsa, shi ya rubuta a bayan jakarsa da manyan baƙaƙe.

Duk ranar Laraba akan kai 'yan ajinsu tafkin ninkaya da ke bayan filin wasa. Gaskiya Kifi yana da ƙarfi a ruwa. In ya faɗa ciki, sai ka ce buhun siminti aka jefa. Hannu na duka, ƙafa na duka, ruwa na fantsama har kan masu kallo.

Amma yana da wani sirri. Tsoron buɗe ido a cikin ruwa yake yi. Babansa ya saya masa tabarau na ninkaya mai shuɗiyar roba. Yakan saka shi da kyau, sannan ya runtse idonsa gam a ciki.

Abin da ke rufa masa asiri shi ne igiyoyin da aka ja a tafkin, don kowa ya bi hanyarsa. In ya karkace ya bugi igiya, sai ya gyara. Haka yake tafiya, bugu nan, bugu can, har ya kai bango.

Wata rana makaranta ta kawo koci, wani dattijo siriri mai usur a wuya. Shekararsa ashirin yana koya wa yara ninkaya. Ya ce zai zaɓi yara huɗu da za su je gasar makarantu.

"Ku kwanta rub da ciki, ku miƙe sambal," in ji koci. "Fuska a cikin ruwa, ido a kan layin da ke ƙasa. Hannu ya shiga ruwa daidai gaban kafaɗa. In za ku shaƙi iska, kada ku ɗaga kai. Ku juya shi gefe, kamar mai kwance a kan matashi."

Yara suka yi ta gwadawa. Kifi kuwa ya yi ta dukan ruwa yadda ya saba. Koci ya kira shi.

"Ɗana, hannunka na dama yana tsallakawa hagu. Shi ke karkatar da kai. Kana kallon layin kuwa?"

"Sosai ma, Malam."

"Ka tabbata? In akwai abin da ke ba ka wuya, faɗa mini."

"Babu komai, Malam. Ai ni na iya tun tuni."

Koci ya dube shi, ya ce, "To, madalla."

A gida kuwa, Kifi ya cika kowa da baki. Ya ce wa kakarsa, "Kaka, ki wanke mayafinki mai kyau. Za ki je kallona a gasa."

"An zaɓe ka ne?" in ji Umma.

"Kamar an zaɓa ne, Umma. Saura kawai a faɗa."

Ranar gwaji ta zo. Kifi ya iso yana taƙama, sai ya tsaya cak. Babu igiya ko ɗaya a tafkin. An kwashe su za a gyara.

Yara shida suka jeru a bakin ruwa. Shugabar makaranta ta zauna a kujera a gefen tafkin, da takarda a hannunta. Koci ya busa usur.

Kifi ya faɗa ruwa, ya runtse ido, ya kama duka da dukkan ƙarfinsa. Ya ji ya taka wani abu mai laushi. Ashe kafaɗar abokinsa ce. Ya ji ana ta ihu, ya ce a ransa ai shi ake yi wa kirari. Ya ƙara wuta.

Can sai hannunsa ya taɓa bango. Bai taɓa isa da sauri haka ba. Ya ɗago kai, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na ci!"

Ya buɗe ido. Abin da ya fara gani shi ne takalman shugabar makaranta, sun jiƙe sharkaf. Takardarta tana ɗigar da ruwa. Ashe bangon gefe ya taɓa. Ya tsallake hanyar mutum uku a karkace, sauran yara kuma suna can suna ta tafiya gaba.

Dariya ta ɓarke. Wani yaro ya ce, "Wannan ai ba Kifi ba ne, Ƙaguwa ne, mai tafiya a karkace." Kafin a tashi, sunan ya bi shi.

Koci bai yi dariya ba. Ya jira aka watse, sannan ya zauna kusa da shi.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Layin da ke ƙasan ruwa, wane launi ne?"

Yaron ya sosa ƙeya. "Ja ne, Malam."

Koci ya ɗaga gira.

"Ko kore. Ya danganta da rana."

"Ɗana, ka taɓa ganinsa?"

Idon yaron ya cika da hawaye. Kunya ta kama shi ƙwarai. "Ban taɓa ba, Malam. Tsoro nake ji. Rufe ido nake yi."

"Har a cikin tabarau?"

"Har a ciki."

Sai a nan koci ya yi murmushi. "Tsoro ba laifi ba ne. Yara da yawa sun zo mini da shi. Laifinka shi ne ka ce ka iya. Da ka faɗa mini tun farko, da tuni mun wuce wurin."

Ya ce ya riga ya zaɓi mutum uku. Saura gurbi ɗaya, kuma za a sake gwaji bayan mako biyu. Sannan ya ba shi aikin gida.

Da yamma yaron ya faɗa wa mutanen gida gaskiya. Ya ari bahon wankin Umma, ya cika shi da ruwa. Babansa tela ne, sai ya ba shi gwangwanin maɓallai. Ƙanwarsa ce alƙali. Takan jefa maɓalli ɗaya a baho, shi kuma ya tsoma fuska, ya fitar da iska ta hanci, ya juya kai gefe, ya faɗi launin.

"Fari."

"Ƙarya ne, Yaya. Ban ma jefa komai ba tukuna."

Kaka ta fito ta same shi a durƙushe, kansa cikin baho, ruwa na ɓulɓul.

"Wannan yaro me ya ɓace masa a cikin bahon wanki?"

"Ninkaya yake koyo, Kaka."

"A baho? To, Allah ya sa kada ya karkace ya faɗa bokiti."

A rana ta uku ya buɗe ido ɗaya. A rana ta huɗu ya buɗe biyu, ya ga maɓalli rawaya kwance a ƙasa. Babu abin da ya cije shi. Ya yi ta murna har ya shaƙi ruwa.

A tafki kuma ya daina cewa ya iya. Koci ya sa shi ya riƙa tafiya a hankali, hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Kada ka doki ruwa, bai yi maka laifi ba. Zura hannu, ka jawo shi baya."

"Haka, Malam?"

"Ɗaga gwiwar hannu kaɗan. Yauwa. Sake."

Ya sake, ya sake, har ya gaji da jin kalmar. Amma ya lura ruwa ya daina fantsama, kuma yana isa bango bai yi haki ba.

Ranar gwaji na biyu, Kaka ta zo da mayafinta mai kyau. Shugabar makaranta ta ja kujerarta baya sosai. Har yanzu ba a mayar da igiyoyi ba.

Usur ya tashi. Yaron ya shiga ruwa, ya buɗe ido. Ga layi nan a miƙe a ƙarƙashinsa. Ya bi shi, yana juya kai gefe yana shaƙar iska. Da ya taɓa bango, bai ɗaga hannu ba. Sai da ya duba ya tabbata bangon gaba ne.

Ya riga na kusa da shi da taɓi ɗaya kacal. Gurbi na huɗu ya zama nasa.

Koci ya sunkuyo. "Wane launi ne?"

"Baƙi ne, Malam. Kuma akwai tayil ɗaya da ya tsage a wajen tsakiya. Ya kamata a gyara."

Koci ya yi dariya har usur ɗinsa ya faɗa ruwa. Yaron ya nutsa, ido a buɗe, ya ɗauko masa.

A hanyar gida Umma ta tambaye shi abin da ya koya.

Ya ce, "In ban iya abu ba, in ce ban iya ba. Malami ba zai gyara abin da na ɓoye masa ba."

"To sunan fa?" in ji ƙanwarsa. "Kifi ko Ƙaguwa?"

"Ku kira ni duk wanda kuka ga dama. Ni dai yanzu ina ganin gabana."