Hawainiya a Filin Gudu

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. In kun ci karo da kuskure ku rufa mini asiri.

Ita ce auta a gidansu, kowa kuma Auta yake ce mata. A kantin maganin da take aiki can baya take maƙalewa tana jera kwalaye, don da zarar mai saye ya dube ta sai muryarta ta gudu. Yayanta ne ya ja ta filin makarantar bayan layinsu, inda ma'aikata ke taruwa gudu da sassafe.

"Koci, ga ƙanwata," ya ce wa mai koyar da su. "Ko tafiya ce ka sa ta, ɓuyan nan ya isa."

Koci ya yi mata murmushi. Ita kuwa igiyar takalminsa ta zuba wa ido.

"Ba zagaye nake nema ba. Kin ga famfon can? Shi kaɗai."

Ta kai famfon tana haki kamar ranta zai fita. Sai ga ƙarar usur, filin duka ya ɗauki tafi, ta rasa inda za ta sa kanta. Tana isa kanti saƙon Koci ya shigo wayarta:

"Hawainiya, yau kin ci famfo. Gobe bishiya. Ina taya ki murna."

Ta karanta har ta haddace.

Bishiya ta wuce, ragar ƙwallo ma ta wuce. Koci ba ya shiga gaban sabon ɗalibi, baya yake bi don kada ya ja mutum fiye da ƙarfinsa. Ba ta ganinsa, sai dai sautin sawunsa, kuma wannan sautin ne ke raka ta har wurin aiki. Wata rana ta miƙa wa wata tsohuwa maganin tari, ta yi mata bayanin shansa ba tare da muryarta ta gudu ba. Ta koma bayan kwalaye tana dariya ita kaɗai.

Sai ta lura da yadda yake aikinsa. Duk wanda ya gama zagaye ba tsayawa, a tafa masa, Koci ya koma bayan sabon zuwa. Ga kuwa wata Doguwa ta zo, mai fara'a da baki, kullum tana cewa, "Koci, yaushe za a zo kaina? Hawainiyar nan taka ta cinye mana kai."

Daga ranar, Auta na kaiwa bencin da ke dab da ƙarshen zagaye sai ta dafe ƙirji ta zauna. Ƙafafunta na son wucewa, zuciyarta na riƙe su.

Ya yi haƙuri, ya yi haƙuri. Rannan ya tsaya a kanta.

"Na san numfashin wanda ya gaji, Hawainiya. Naki ba shi ba ne. In koyarwata ce ta ishe ki, ki faɗa mini."

Ta sunkuyar da kai. Washegari bayan Doguwa yake gudu.

Saƙo ya ɗauke. Ta daina zuwa filin, amma asuba ba ta daina tada ta ba. Takan zauna bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, tana jiyo usur daga nesa ana busa wa wasu.

"Wai wa ya mutu ne?" in ji Yaya. "Wayar nan kika ƙura wa ido kamar za ta haihu."

Ta rubuta saƙonta na farko ga Koci:

"Koci, ban gaji ba. In na gama zagayen, wa zai riƙa bina?"

Amsa ba ta jima ba:

"Ashe haka ne? Hawainiyata, ba na neman auren wadda nake koyarwa. Zamanki a bencin nan ni ya ɗaure wa baki. Don Allah ki gama, in samu in yi magana."

Da safe ta yi gudun ita kaɗai, babu sawun kowa a bayanta. Da ta zo benci ko kallonsa ba ta yi ba. Yana tsaye a ƙarshe, usur a baki, ya kasa busawa. Doguwa ce ta fara tafi.

Kawun Koci ya zo wurin Baba neman aurenta, Baba ya girgiza kai. "Mai busa usur? Kuma Auta da ko gaishe ni sai ta laɓe bayan uwarta, ita ce za ta riƙe gida? Ni ban ji daga bakinta ba."

Ta tsaya a bakin falonsa. Ƙofa kawai, ta ce wa kanta. Ta shiga. Gefen darduma. Ta kai. Ta durƙusa kusa da kujerarsa ta ɗago ido.

"Baba, ina son sa. Shi ya koya mini in iso nan."

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta. "Maman yara," ya ƙwala kira, "zo ki ji Auta tana magana."

Ranar ɗaurin aure 'yan filin suka cika layin. Mama ta rungume ta tana kuka tana sa albarka, Baba ya dafa kan angon ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya. Ka bi ta a hankali, ɗana."

"Yanzu kam gefenta zan tsaya, Baba."

Allah ya albarkaci aurensu. Ni kuwa mai ba ku labarin, tunda hankalin kowa na kan amarya, bari in ɗauki takalmina in sulale ta ƙofar baya.