Motar da Ke Korar Tattabarun Abu Firas

"Ka sayar da ita, Kusai," in ji Lujain. "Ko kuma ka aure ta, ni ka ƙyale ni..."

Suna tsaye a ƙofar garejinsa, can saman tudun garin Salt. Ita tana ta murɗa bakin mayafinta, shi yana goge hannun da tuni ya fita tas. A bayansu ga wadda ake rigimar a kanta: doguwar motar Amurka ta shekarun saba'in, mai ƙofa biyu, launin zuma.

Shekara bakwai Kusai da mahaifinsa suka yi suna haɗa ta, noti bayan noti. Tsohon ya rasu saura fenti. Har yau carbinsa na rataye a madubi, kuma Kusai ya rantse idan injin ya ɗumama yakan ji ƙamshin turarensa.

Laifinta ɗaya, murya. In ta yi gurnani, kofunan shayi kan yi rawa a kan faranti tun tana layi na uku. Shi kuwa Abu Firas, mahaifin Lujain, tattabaru yake kiwo a saman bene, guda sittin, kowace da sunanta, har da wadda yake cewa tana gane ranar Juma'a. Duk ranar da Kusai ya ratso layinsu sai garken ya watse, wata fara ƙal ma ta tafi ba ta dawo ba. Sai Abu Firas ya aika da magana: ranar neman aure ba za a sha gahawar amincewa ba sai an zo da sabuwar mota, irin mai tafiyar mage, marar ƙara.

"Na je na gwada sabuwar," in ji Kusai. "Sanyi kamar firiji, ga surutu, wai in ɗaura bel. Na ma rasa ko a kunne take."

"To ai ita Baba yake so."

"Ke fa, hasken idona?"

Ta juya ta gangara gida da sauri, don kada ya ga fuskarta. Wannan gurnanin ne shekara biyu yake sa ta yar da abin da ke hannunta ta ruga taga.

Kwana uku ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta zuba gishiri a shayi. Ta hau bene ta harari tattabaru, ta sauko, ta sake hawa. Sau goma ta ɗauki waya za ta ce masa kada ya sayar, sai ta tuna babanta ba ya magana biyu, ta ajiye.

Ranar Juma'a, ranar neman auren, da la'asar ta laɓe a kicin ta kasa kunne. Lokaci ya yi, lokaci ya gota, shiru. Wato ya sayar ke nan. Ita ta roƙe shi, amma sai ga hawaye yana ɗiga a tiren kunafa, kayan zaƙin da ta shirya wa baƙi.

Da ta leƙa taga, sai ta ga abin mamaki. Motar ce ke gangarowa daga tudu, injinta a kashe, ba ka jin komai sai kukan taya. Baffannin Kusai uku sun cushe a ciki, sun ƙame kamar masu ɗaukar hoto, Kusai yana kokawa da sitiyari, zufa sharkaf. Ko tattabara ɗaya ba ta motsa ba.

A falo aka zuba wa babban baffansa, Abu Nayif, gahawa. Ya ajiye kofin bai kurɓa ba, don a al'ada ba a sha sai an amsa buƙata, ya faɗi abin da ya kawo su. Abu Firas ya ce ba wannan motar ya yi sharaɗi ba.

Kusai ya tashi ya ajiye makulli kusa da kofin.

"Baffa, mai saye yana jirana gobe. In ka ce a sayar, na sayar, Lujain ta fi ta. Amma in ka bar mini ita, ba za ta ƙara buɗe baki a layinka ba."

"Gangara dai ka gangaro. Hawa fa?"

"Turi za mu yi."

Abu Nayif ya dubi tumbinsa, ya yi salati, falon ya kwashe da dariya. Abu Firas bai yi ba. Ya daɗe yana kallon makullin, wanda ya sha hannun marigayi mahaifin Kusai har ya yi santsi.

"Ku sha gahawarku," ya ce. Ta huce sarai, Abu Nayif ya shanye.

Ranar ɗaukar amarya aka shigar da Lujain gaban motar, mazan dangi suka naɗe hannun riga za su tura. Sai ga Abu Firas ya sauko daga bene, gashin tattabara a kafaɗarsa. Ya sunkuya a tagar ango.

"Tayar da ita."

"Baffa, tattabarun fa?"

"Tun safe na kulle su, na lulluɓe da bargo." Ya kalli 'yarsa. "Da waccan mai tafiyar magen ce ta ɗauke ki, ko inda kika bi ba zan sani ba. Wannan kuwa zan ji ki har layi uku. Ranar da za ki zo gaishe ni ma in ji tun daga nesa, in ɗora shayi."

"Baba..." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Kusai ya murɗa makulli, kofunan layin duka suka hau rawa. Ta madubi, bayan carbin da ke lilo, Lujain ta hango tsohon a tsakiyar titi, tafinsa a bayan kunne, yana ta ƙanƙancewa bai sauke hannun ba.