Gubar da Aka Sa Furera Ta Zuba a Kududdufi

Ranar Talata, goma sha biyar ga watan Agusta na shekarar 2023, da la'asar sakaliya, aka fara zaluntar gidan Malam Sabo na ƙauyen Garun Maje, a ƙasar Shanono. Na rubuta ranar ne don kada gobe wani ya ce bai tuna ba. Ni maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ni na koyar da 'yarsu Furera a firamare kafin in yi ritaya. Abin da ban gani da idona ba, na ji shi da kunnena ta kan katangar nan.

Shekara ce mai wuya. Mai ya yi tsada, hatsi ya bi bayansa, rumbuna sun ƙare gero bai nuna ba. Gidaje da yawa kwaɗon rama suke kwana da shi. A cikin wannan hali Furera ta dawo dogon hutu daga jami'a, inda take karatun kiwon kifi, da labari mai daɗi: an zaɓe ta cikin ɗaliban da za su yi binciken yadda za a haɗa kiwon kifin zamani da ilimin gargajiya. Shugaban binciken wani ne Dakta Nababa. Da ya nemi wurin gwaji, yarinyar nan, don son garinsu, ta ba shi labarin tsohon kududdufin da ke bayan gari, inda kakanni suka haƙi ƙasar gini.

Ya zo da mota, da malafa, da takalman roba har gwiwa waɗanda ban taɓa ganin laka a jikinsu ba. Ya tara dattawa a gindin tsamiya ya ajiye waya tana ɗaukar magana. Suka gaya masa abin da kowane ɗan Garun Maje ya sani: ba a su a kududdufin nan da damina, sai ruwa ya ja da rani. Kuma kafin kowa ya tsoma ƙafa, sai dattijo ya tsaya a bakin ruwa ya yi sallama ga masu wurin, ya ce gobe muna tafe, ku janye ƙanananku. Dakta ya tafa hannu. Ya ce wannan ai kimiyya ce tsantsa, domin da damina kifi ke ƙwai. Ya sa aka ɗauke shi hoto a tsakiyarsu.

Bai yi mako ba ya ce kifin da ke cikin kududdufin zai cinye 'ya'yan kifin da zai kawo daga birni, don haka sai an kashe su duka.

Ina hanyar masallaci a ranar Talatar na tarar da su a bakin ruwa. Dakta na miƙa wa Furera farar jarkar maganin kashe kifi, ita kuwa ta mayar da hannuwanta baya.

"Dakta, ba a yi sallama ba. Ga shi rana ta kusa faɗuwa."

"Sallamar ai mun naɗe ta a waya, tana nan a ajiye," ya ce yana dariya. "Karɓi. Ke ce 'yar gari. In ni na zuba, za a ce baƙo ya yi ɓarna. Ko ba kya son sunanki ya shiga rahoton ne?"

Na ɗaga murya na ce a dakata a kira mai unguwa. Ya ce, "Baba, je ka yi sallarka." Furera ta karɓi jarkar da hannun dama, ta zuba.

Gari na wayewa, fuskar ruwan ta yi fari da cikin kifi. Tarwaɗa, karfasa, har da wasu manya da babu mai ran da ya taɓa ganin irinsu. Mutanen da suka manta ɗanɗanon nama suka tsaya suna kallo, mai unguwa yana faɗi yana maimaitawa kada kowa ya taɓa, guba ce. Aka haƙa rami aka binne.

Da yammacin ranar, gidan Malam Sabo yana yadda ya saba. Hure, uwar Furera, tana tuƙa ɗan tuwon da ya samu. Kaji sun shige akurki. Malam Sabo ya tsuguna da buta yana alwala. Sai ya tsaya, ruwa na ɗiga daga gemunsa, yana saurare. Kwaɗin kududdufi, waɗanda kukansu ke cika gari kowace magaribar damina, ba ko ɗaya da ya yi motsi. Shirun ya kwanta a tsakar gida kamar an rufa bargo. Hayaƙin murhu ya miƙe sama sak, ba ya karkata.

Sannan dutse ya faɗo a kan rufin ɗakin Furera.

Malam Sabo ya leƙa waje, ba kowa a lungu. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro har gaban murhu. Hure ta kai hannu ta ɗauka, ta yar da sauri. A jiƙe yake sharkaf, da baƙar laka da ƙarnin kifi.

"Malam," ta ce a hankali, "wannan daga ƙarƙashin ruwa ya fito."

Haka aka shiga yi. Da rana lafiya lau. Rana na jan baya, shirun ya sauko, jifan ya biyo. Ruwan randa da aka ɗebo daga rijiya da safe, kafin magariba ya koma ƙarni. Wata rana Hure ta ɗaga faifan randar, ta ji daga can ƙasa ana kuka siriri, irin na yaro marar lafiya. Ba ta ƙara buɗe ta ita kaɗai ba.

Furera ta daina magana. Hannunta na dama ya yi sanyi, ya ƙi bushewa. A goge shi da zane, kafin a juya ya sake tsatsafo da ruwa. In an kira salla sai ta zauna a dokin ƙofa, ta fuskanci bayan gari, tana jijjiga cinya kamar mai rarrashin jariri. Uwarta ta kira sunanta, ta juyo da idanun da ba su san ta ba.

Malam Sabo ya kira Dakta a waya. Amsar da ya samu ita ce a saya mata maganin barci.

Da labarin mutuwar kifin ya kai jami'a, aka ce sai an yi bayani. Dakta Nababa ya dawo da baƙi daga birni, aka kafa rumfa a filin firamare, aka jona lasifika. A gaban mai unguwa, a gaban dattawan da ya yi hoto da su, a gaban uban yarinyar, ya ce wata ɗaliba mai taɓin hankali ce ta ɗauki maganin ba da saninsa ba ta zuba, kuma duk mai shakka ya je gidansu ya ga halin da take ciki. Ya ce abin ya yi masa ciwo ƙwarai, domin shi mai girmama al'ada ne. Na miƙe zan yi magana, aka kashe lasifikar. Bayan haka jami'a ta dakatar da Furera.

Malam Sabo ya je har Bacirawa ya ɗauko Malam Uwaisu, malami mai ruƙiyya, dattijo marar yawan magana. Ya iso da la'asar, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ce maƙwabta na kusa su shigo su zama shaida. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Inuwa ta cinye rabin gidan. Ya fara karatu, ƙasa-ƙasa, sannan ya ɗaga. Jifa ya ɓarke a kan rufi, bai ko kalli sama ba. Can hannun Furera ya soma rawa, ruwa na zuba daga yatsunta har tabarma ta jiƙe, bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Kai Malam, rage murya. Ba kurma ba ce ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu ce. Tun kakan kakan wannan mutum muke cikin ruwan nan, kuma Musulmi ne mu. Ba su taɓa shigo mana ba sallama ba. Su ce gobe muna tafe, mu kwashe yara, su kama rabonsu su tafi. Rannan jikana yana wasa a gefe aka kwararo masa wuta. Har yanzu bai buɗe ido ba. Dabbobinmu kuwa kun gani, ku kuka binne su."

"Allah ya ba shi lafiya. Me kike so?"

"Hannun da ya zuba. Ya shanye, in tafi."

Hure ta ƙanƙame 'yarta.

"Ba za ki samu ba," in ji Malam Uwaisu.

"To a yanka mini baƙin bunsuru a bakin ruwa."

"Ba a yanka don kowa sai Allah. Ba ke kika ce Musulma ce ke ba?"

Muryar ta ce, a ɗan kunyace, "Gwada ka nake."

Hure ta yi ƙarfin hali. "Baiwar Allah, sa ta aka yi. Wallahi sa ta aka yi."

"Na sani, ina wurin. Mai malafar nan ne ya ɗora mata jarka a hannu."

"To me ya hana ki zuwa wurinsa?" Malam ya tambaya.

Tsohuwar ta ja tsaki mai tsawo ta bakin Furera. "Wa ya gaya maka ban je ba? Na jefi rufinsa, ya sa aka kira mai gyaran kwano. Na shiga jikinsa, na zaga ƙirjin nan kaf ina neman inda kunya take in kama, ban samu ba. Wanda ba ya jin kunya, da me za ka tsorata shi? Ita kuwa wannan, tun kafin ta zuba take kuka a ciki. A buɗe na tarar da ƙofa."

Malam Uwaisu ya dube ta. Sannan ya ce, "Wato mai laifin ya fi ƙarfinki, sai kika ɗora wa marar ƙarfi. Ashe ke da shi halinku ɗaya."

Jifan ya tsaya cak. Ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga yatsun yarinyar.

"Kada ka haɗa ni da shi," muryar ta ce, ta yi ƙasa. "Kada ka kuskura."

"To ki raba kanki da shi."

Da tsohuwar ta sake magana, sharaɗinta ba mai nauyi ba ne: a bar kududdufin ya huta har wata daminar ta wanke shi, sannan a ɗebo kifi daga kududdufin maƙwabtan gari, Furera ta sake su da hannunta, bayan ta yi sallama. Malam Sabo ya ce ya ɗauka. Sai kan yarinyar ya juya wajen uwarta.

"Hure, na shigo miki gida ba sallama, abin da nake kuka an yi mini. Ki yafe mini."

"Na yafe," in ji Hure, tana kuka.

Furera ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale a jikin uwarta. Hure ta kama hannun daman ta goge da gefen zanenta, ta jira. Ya bushe. Daidai lokacin ladan ya kira magariba.

An cika alkawari da damina ta zagayo. Ba a ƙara jifa ba. Amma Furera tana nan a gida har yau. Abokan karatunta sun gama sun tafi hidimar ƙasa, ita kuwa in ta fita ɗiban ruwa ana nuna ta da baki, ana cewa ga mahaukaciyar kududdufi. Rahoton Dakta ya fito, na ji an ce har an yaba masa a kan yadda ya mutunta ilimin gargajiya.

Don haka ni, Muhammadu Sani, tsohon malamin makaranta, ba roƙo nake ba. Ina neman jami'ar ta mayar da Furera aji ba tare da wani sharaɗi ba. Ina kuma neman Dakta Nababa ya zo Garun Maje ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya tsaya a gaban jama'a ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ba da umarni, cewa yarinyar nan ta gargaɗe shi, cewa lafiyar hankalinta ƙalau, kuma ƙarya ya yi mata. Ba a waya ba, ba ta bakin ɗan aike ba. Ya ambaci sunanta da na ubanta ya nemi gafararsu, da muryar da na bayan sahu zai ji.

Aljana ta nemi gafara a gaban shaidu. Saura Dakta.