Hannun da Aka Share Daga Hoto

Wani ɓangare na wannan labari ya zube mini a hanya, kamar hatsi daga buhu mai huda. Na manta shekarar, na manta ko kwana nawa na yi a garin. Na dai san ina yawon neman karatu ne na sauka a gidan wani malami masanin ruƙiyya, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya riƙe ni kamar ɗan'uwa. Abin da ya rage a kaina shi zan faɗa: wanda na gani da idona, da wanda matar gidan da abin ya faru ta gaya mana. Inda na rage, Allah ya yafe mini.

A bayan layin mai masaukina akwai gidan wani mai ɗaukar hoto. Ba da hoton biki ko na katin shaida ya yi suna ba, shi faɗuwar rana yake bi. Da la'asar sakaliya sai ya rataya kyamara, ya saɓa ƙarfenta mai ƙafa uku, ya nufi babban tafkin da ke bayan gari, ya zauna jiran lokacin da ruwa zai koma kamar an narka tagulla a cikinsa. Matarsa takan ce, "Kowa na gudun magariba ya shigo gida, kai ita kake fita tara." Shi kuwa ya yi dariya, ya ce rana ce kaɗai abokiyar cinikinsa da ba ta taɓa cewa hoton bai yi kama da ita ba.

Yana da wata ɗabi'a a aikinsa. In ya wanke hoto a ɗan ɗakinsa mai duhu, sai ya sa tabarau, ya ɗauki buroshi siriri kamar gashin ido, ya bi duk abin da ya ɓata masa kallo ya shafe: wayar lantarki, leda a kan ruwa, tsuntsun da ya gifta ba a gayyace shi ba. Wannan aikin yana kiransa shara. 'Yarsa tilo, budurwa mai koyon aikin jinya, wadda yake kira Mamana don sunan mahaifiyarsa ta ci, takan leƙo ta ce, "Baba, wata rana mu ma sai ka share mu."

"Ke? Ai ke ce ranar," in ji shi.

Wani yammaci ya shigo da fara'a. An zaɓi wani tsohon hotonsa an buga a kalanda, shi kuma ya wanko shi da girma ya sa a firam. Matar tana kwashe shanya a tsakar gida, 'yar tana tsaye a falo tana ce masa ya karkace hagu, ya ɗan ɗaga. Rana ta yi ja a kan katanga. Ya buga ƙusa bugun ƙarshe, ya ajiye guduma. Sai wani bugun ya amsa masa daga saman kwano.

Dutse ne. Ya gangaro a hankali ya faɗo gaban matar. Sumul yake, a jiƙe, da gansakuka a jikinsa, yana warin laka, alhali an fi wata biyu ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo. Maƙwabta suka hau katanga, suka zagaya lungu, ba su ga kowa ba. Da jan sama ya gushe, jifan ya tsaya cak, gidan ya yi shiru irin wanda ya fi jifan nauyi.

Haka aka yi ta yi kowace magariba. A kwana na uku aka ƙara da wani abu: ƙarar filafilin kwalekwale yana shiga ruwa yana fita, a cikin barandar da ke tsakanin ɗakuna, da tarin wani tsoho. Matar ta daina shanya. Ta tara duwatsun a bokiti, ta rufe da faranti, don ba ta san inda za ta zubar da su ba.

A kwana na biyar, ko na shida, yarinyar tana zuba wa ubanta shayi sai kofin ya suɓuce. Hannunta na dama ya tashi sama, miƙe, yatsu a buɗe, kamar mai kiran wani daga nesa. Idonta a buɗe amma ba ta cikinsa. Ruwa ya riƙa tsiyaya daga gwiwar hannun yana ɗiga a kan daɓe. Maza biyu suka kama don su sauke shi, kamar suna jan reshen kuka. Sai da duhu ya shiga sannan ya faɗo da kansa, ta farka tana tambayar wa ya fasa kofi.

Matar ta ce mana abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne mijin. Da ya ga hannun nan a sama bai matso ba. Ya tsaya yana kallo, fuskarsa ta yi fari, ya juya ya shige ɗakin wanke hoto ya sa sakata.

Asibiti suka duba ba su ga komai ba. Kullum hannun sai ya ƙara daɗewa a sama, ya fara ramewa, farcen ya fara duhu. Daga ƙarshe matar ta yafa mayafi ta zo gidan Malam da ƙafarta. Ya saurare ta har ta gama, ya ce mini, "Taso mu je, ka riƙe mini baki da karatu."

Mun isa rana na gab da faɗuwa. Malam ya buɗe bokitin, ya shinshina dutse ɗaya, ya mayar. Ya daɗe tsaye gaban hoton da ke bango. Ni ma na kalla: ruwa ja shimfiɗe, rana rabinta a nutse, babu mutum, babu tsuntsu. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka da hannun ɗan Adam ya yi ba.

Dutsen farko ya sauka a kan kwano. Yarinyar tana zaune a tabarma kusa da uwarta, hannun ya tashi. Malam ya zauna gabanta ya fara karatu, ina bin sa. Mun yi nisa sannan bakinta ya motsa, wata murya ta fito, mai kauri, mai sanyi, kamar daga ƙasan rijiya.

"Rage murya, Malam. Ni ma musulmi ne. Karatun ba ya ƙona ni, kunne kawai kake cika mini."

"Musulmi ba ya shiga gidan mutane ba sallama," in ji Malam.

"Shi da ya zo ƙofar tamu da ido uku, biyu nasa ɗaya na kyamara, ya yi sallama?"

"Wane ne kai, me kuma yarinyar nan ta yi maka?"

"Ni mazaunin tafki ne. Yarinya ba ta yi mini komai ba. Aron hannu na zo. Akwai wanda aka share, na dawo da shi inda mai sharar ba zai iya sharewa ba."

Mai hoto yana tsaye a bakin ƙofa. Ba wanda ya kalle shi, amma kowa shi yake ji.

Muryar ta ci gaba a hankali. Ta ce akwai wani tsohon masunci da ya shekara arba'in yana shiga tafkin, bai taɓa tsoma filafili ba sai ya ce, "Masu gida, salamu alaikum." Shekara huɗu da suka wuce, da magariba, kwalekwalensa ya daki kututture ya tsage, taru ya naɗe masa ƙafa.

"Kai me ya hana ka cece shi?" in ji Malam.

"Ba a ba ni ikon ajali ba. Abin da ƙarfina ya kai shi na yi. Na tallabe shi daga ƙasa, na ɗaga hannunsa sama don mutum ya gani. A bayan ciyawa akwai masunta huɗu suna ɗinkin taru, ihu ɗaya ya ishe su. Na ɗaga don mutum ya gani, Malam. Mutum kuwa ya gani."

Malam ya juya. "Mai hoto, ka ji."

"Ban ga komai ba," in ji shi. "Aljani ai maƙaryaci ne, kai ma ka sani."

Hannun ya murɗe. Mun ji ƙarar kafaɗar yarinyar kamar an taka busasshen kara. Uwar ta rungume ta, ta kasa kuka.

"Sai da na wanke fim ɗin na gani," ya ce da sauri. "Na zaci reshen itace ne."

Yatsun suka fara lanƙwashewa ta baya, ɗaya bayan ɗaya. Matar ta saki 'yar, ta rarrafa har gaban mijinta ta kama bakin rigarsa. Muryarta ƙasa-ƙasa take.

"Maigida, wannan fa ita ce kake kira Mamana."

Ya zame jikin ƙofa ya zauna a ƙasa.

"Sau nawa ka danna, mai ido uku?" in ji muryar.

"Goma sha ɗaya."

"Me ka ce a ranka?"

"Na ce bari in ɗauki ɗaya tukuna, haske ba ya jira. Sai na ɗauki wani. Da na ɗago, ruwan ya rufe."

Jifan ya tsaya. Daga nesa ana kiran salla, muka ji shi kamar daga wata duniya.

"Shekara huɗu ina jiran bakinsa ya buɗe," in ji muryar. "Maimakon haka ya buga ƙusa ya rataya. To, hannu a bakin hannu. Zan tafi, amma da wannan zan tafi."

"Ba za ka tafi da shi ba," in ji Malam. "Rai ba ya ɗaukar laifin wani rai. Ka ce kai musulmi ne. Yarinya ba ta danna komai ba."

"To a ba ni idanunsa."

"Ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Wanda ya ba shi zai tambaye shi."

"Kai dai tsohon nan ba ka iya ciniki ba. Komai na taya ka ce albarka. Me ya rage mini ke nan?"

"Abin da ya fito da kai daga ruwa tun farko. Faɗe shi."

Da muryar ta amsa, kaurin ya ragu, sai gajiya.

"Matar masuncin. Kowace magariba tana zuwa bakin tafki tana tambayar masu kwalekwale ko sun ji labarinsa. Mutane sun ce gudu ya yi ya bar ta, ya tafi wani gari ya sake rayuwa. Ɗansa ya daina ambaton sunansa. Na gaji da jin muryarta a kan rufina. Mai ido uku ya je da rana tsaka, da ƙafarsa, ya gaya mata. Goma sha ɗayan nan zai faɗa, ba reshen itace ba."

Malam ya sa mai hoto ya rantse, ya sa aljanin ya rantse ba zai dawo ba. Ya ce masa ya fita ta inda ya shiga. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, yatsun suka saki, hannun ya faɗo a cinyarta kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Washegari muka raka mai hoto. Mun sami matar masuncin a gindin katanga tana ɗinke tarun wasu, ɗanta, magidanci, yana tsaye a gefe. Mai hoto ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba, wannan shaida zan ba shi. Ɗan ya juya fuskarsa ga bango. Ita kuwa ba ta ajiye zaren ba sai da ya gama.

"Wanda ba ka share ba, yana nan?" ta ce.

"Fim ɗin yana nan, Inna."

"Wanko mini ɗaya. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, kullum cewa yake sai ya sami sabuwar riga. Ba mu da komai nasa."

"Ki yafe mini."

"Ni tsayuwa kawai na yi, ɗan nan. Ka je ka nema wurin mai hannun."

Aljanin ya cika alkawari, ko tsakuwa ba ta sake faɗowa a gidan ba. Amma yatsu biyu na yarinyar, waɗanda suka lanƙwashe bayan musu na biyu, ba su sake jin komai ba. Ba ta iya riƙe allura, ta bar koyon jinya. Ba ta tuna abin da ya faru ba, sai ta matsa wa uwarta da tambaya, uwar kuma ta gaya mata a taƙaice: an tambayi ubanki sau uku, a na uku ya tuna da ke. Kafin in bar garin na ji shi da kunnena yana kiran Mamana, tana amsawa daga bayan ƙofa, ƙofar ba ta buɗe ba.

Da tsufa ya fara wasa da kaina har na soma shakkar ko mafarki na yi. Shi ya sa da hanya ta sake biyo da ni garin, bayan shekaru, na nemi gidan masuncin. Matar ta rasu, ɗan ya shigar da ni ɗakinta. Hoton yana bango inda ta rataya shi. Na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin: hannu ne, yatsu biyar a buɗe, bai fi ƙwayar shinkafa ba. A shagon wani tela da ke bakin layin kuma na ga kalandar nan har yanzu a rataye, shekararta ta daɗe da wucewa, ya ce kyanta ya hana shi cirewa. Na sa tabarau na duba daidai wurin. Ruwan ya yi zobe uku, ɗaya cikin ɗaya, babu komai a tsakiyarsu.